Filin Mai Gyara: Fiyanona Ya Fara Ƙarar da Ba Ni Na Sa Shi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne, ina koyon kiɗa a wani situdiyo a nan Kano. Bara na yi tari na sayi fiyanon lantarki na hannu, mai maɓallai 88 masu nauyi. Da farko lafiya lau yake, amma tun da hunturu ya shigo ya ɓullo da halaye uku. Maɓallan tsakiya huɗu ko biyar suna yin ƙwas-ƙwas in na ɗaga yatsa. Akwai sauti ɗaya a ɓangaren hagu da in na taɓa shi sai na ji zzz tana bin sa. Sannan wani baƙin maɓalli yana fasa ihu ko da shafa shi kawai na yi. Abokina ya ce in fesa masa man nan da ake fesa wa kwaɗon da ya yi tsatsa. Oganmu kuwa ya ce fanel ɗin ciki, wato allon lantarkinsa, ne ya mutu, in sayar in huta. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka bi ta kowa tukuna. Abokinka zai sa ka yi asarar kaya, ogan kuma zai sa ka sayar da lafiyayyen fiyano a kuɗin matacce. Abubuwa ukun da ka lissafa ba cuta ɗaya ba ce, kuma a yadda ka bayyana su babu wanda ya kai ga babban fanel. Kafin ka ɗauki sukundireba, sai ka gano inda kowace ƙara take fitowa: daga jikin maɓallin ne, daga sifika da ɗakin da kake ne, ko kuwa daga cikin sautin da injin ke haɗawa. Wannan binciken ba ya cin ko sisi.

Fara da kashe fiyanon, ka zare wayar daga soket, ka kashe fanka, ka rufe ƙofa. Sai ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama. Duk ƙarar da ka ji alhali babu wuta, ta ƙarfe ce da filastik, lantarki ba shi da hannu a ciki. Daga nan ka kunna, ka sa hedifon mai rufe kunne sosai, ka sake bi. Ƙarar da ta ɓace a hedifon amma tana nan a sifika, laifin sifika ne ko wani abu da ke rawa a jikin fiyanon ko a ɗakin.

Gwaji na uku shi ne wanda na fi so, kuma samari da yawa da ke zuwa shagona ba su san shi ba duk da cewa kullum suna danna maɓallin a wurin biki. Wanda aka rubuta wa Transpose nake nufi. Ka matsar da sautin hawa biyu ko uku sama, ka koma kan maɓallin da ke damun ka. Yanzu wannan maɓallin wani sauti daban yake bayarwa, tsohon sautinsa kuma ya koma kan maƙwabcinsa. In matsalar ta tsaya a ƙarƙashin yatsanka a maɓallin nan dai, to maɓallin ne. In ta yi ƙaura ta bi sautin, maɓallin ba shi da laifi, ka ƙyale shi.

Ina kyautata zaton ƙwas-ƙwas ɗin za ka ji ta tun a gwajin farko. Nauyin da kake ji a yatsa ba na maɓallin ba ne shi kaɗai. Ƙarƙashin kowanne akwai 'yar guduma ta ƙarfe da filastik wadda ke tashi in ka danna, ta faɗo in ka saki. Inda take bugawa a sama da inda take sauka a ƙasa an shimfiɗa dogon matashi na ulu mai kauri, daga wannan ƙarshen fiyanon zuwa wancan. Akwai kuma ɗan harshe da maɓallin ke hawa da sauka a kansa don kada ya karkace, an shafa masa giris tun daga masana'anta. Maɓallan tsakiya su ne suka fi shan duka, domin a nan hannuwa biyu ke yini. A nan ulun ke fara lotsawa, a nan kuma giris ke fara gudu gefe ya bar filastik na gogar filastik. Ƙurar hunturu ta zo ta cakuɗe da ragowar giris ɗin ta mai da shi dattin da ba ya santsi. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu irin wannan ƙorafi ke yawa a teburina.

Ka kasa kunne ka ji lokacin da ƙarar ke fita, domin shi ke nuna wurin. In sai maɓallin ya kai ƙasa kake jin tim mai kauri, matashin da gudumar ke bugawa ne ya mutu. In sai ka saki ya dawo sama, kamar yadda ka ce, to matashin sauka ne ko kuma giris ya bushe. Kama bakin maɓallin da yatsa biyu ka kaɗa shi hagu da dama a hankali, ka gwada da wani can ƙarshen dama wanda ba a cika taɓawa ba. In naka ya fi rawa yana ƙas-ƙas, harshen nan ne ke neman giris. Tsuwwa a tsakiyar tafiya ita ma bushewa ce. Sai ka durƙusa, idonka daidai da layin maɓallan, ka duba ko akwai wanda ya fi 'yan'uwansa tsawo ko ya nutse ko ya karkace. Wannan kam karaya ce a gindin maɓallin ko a gudumar, sai an canza, kuma kada ka ci gaba da buga shi don kada guntun ya faɗa cikin na kusa.

Kada ka manta da baƙon abu. Ka sami wanda zai kama maka, ku ɗaga gefe ɗaya a hankali ku saurara ko wani abu zai gangara. Abin da na ciro daga cikin fiyanon mutane ya haɗa da kwabbai, tsinken sakace, fil ɗin ɗankwali, murfin biro, ɓawon gyaɗa, da gawar kyankyaso ba adadi. Akwai wanda aka kawo mini daga wani gidan biki, maɓallai uku sun ƙi sauka, ashe cokalin shayi ne ya kwanta a ƙarƙashinsu.

Sai dai in gaya maka gaskiya, babu fiyano mai guduma da ba ya ƙara sam. Ƙarfe ne ke motsi. A fiyanon katako ƙarar igiyoyi ce ke rufe ta, kai kuwa da kake rage sauti da daddare don kada ka tashi mutanen gida, dole ka ji ta. In duka maɓallan ƙararsu iri ɗaya ce, halittarsa ce. Wadda ta bambanta da ta maƙwabta ita ce abin bincike. Teburin katako mara nauyi ma yana ƙara mata amo, shimfiɗa darduma ko bargo a ƙarƙashin ƙafafun yana rage ta ƙwarai.

Man feshin da abokinka ya ce, ka nisance shi, haka man keken ɗinki da basilin da kananzir. Na ga wanda aka ɗiga wa man gyaɗa ma. Duk waɗannan suna gangarawa inda ba a aike su ba. Mai na fetur yana kumbura roba mai laushi, wani filastik ɗin kuma yana sa shi tsagewa bayan 'yan watanni, sannan ƙura ta samu wurin mannewa. Za ka ji shiru na mako guda ka yi murna, daga baya maɓallai goma su daina magana. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Akwai giris da aka yi musamman don filastik, shi ake sawa, kuma ɗan kaɗan a bakin tsinke, bayan an goge tsohon tas. Matashin ulun kuma ana sayar da shi a tsayinsa, a ɓare tsohon a manna sabo. Wannan aikin yana buƙatar a cire maɓallai, kuma ƙugiyoyinsu na karyewa a hannun wanda bai saba ba, don haka na fi so ka kai wa mai gyara ka tsaya kana kallo a karon farko.

Zafi ma yana tasa ɓarnar. Kada a bar fiyano a but ɗin mota ko a ɗakin kwano mara silin a watan Afrilu, giris na narkewa ya zube. Masu sayen tsofaffin kaya su kula da wani abu da masu gyara da yawa suka sani: wasu kayan kiɗan kamfanin Roland na farkon shekarun 1990, irin su D-70 da JD-800, an manne ƙarafunan nauyin maɓallansu da wani jan gam wanda zafi da laima ke narkarwa, ya ɗiga ya manne komai. In ka leƙa ƙarƙashin maɓalli ka ga ja mai danƙo, ka san aikin da ke gabanka kafin ka biya.

Mu koma kan zzz ɗin hagu. Ina da yaƙinin a hedifon ba za ka ji ta ba, kuma za ta bi sautin in ka yi Transpose. Kowane sauti yana da adadin kaɗawarsa a daƙiƙa. Maɓallin A da ke sama da C ta tsakiya yana kaɗawa sau 440, na ƙarshen hagu sau 27.5 kacal. Kowane abu sakakke a ɗaki shi ma yana da adadin da in aka kaɗa iska da shi sai ya ɗauki rawa. Shi ya sa sauti ɗaya tak ke tayar da shi, na kusa da shi kuma shiru. Wahalar ita ce sautin fiyano yana mutuwa da sauri kafin ka gano wurin. Dabarar ita ce ka canza murya zuwa ta kayan kiɗan nan ogan (Organ), wadda ba ta yankewa muddin yatsa na kai. Ka sa ƙaninka ya danne maɓallin, kai kuma ka zagaya kana dafa abubuwa da tafin hannu: madogarar littafi da ke kan fiyanon, ragar sifika, murfin baya, ƙafafun, gilashin taga, hoton bango, kofuna a kan tire, silin. Inda ka dafa ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawon. Sau da yawa sukuru ɗaya ne ya kwance a ƙasan fiyanon saboda jijjigar hanya, musamman wanda ake ɗorawa a A Daidaita Sahu ana kai shi wurin aiki. Ka ɗaure shi daidai, ban da murɗewa da ƙarfi, don ramin na filastik ne.

In ka dafa ko'ina ba ta daina ba, ka ƙara sauti ka gwada sauran maɓallan hagu. In su ma sun fara gurnani ta sifika ɗaya, takardar sifikar ce ta yage ko wani abu ya faɗa kanta. Ka haska tocila ta ragar. Sifikun cikin fiyano ƙanana ne, ba a yi su don cika fili ba, kuma masu ƙure sauti su ƙara bes a kai su ke kashe su.

Baƙin maɓallin mai ihu shi kaɗai ne ya shafi lantarki, shi ma a bakin ƙofa. Fiyanon ba ya jin ƙarfin hannunka, sauri yake aunawa. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba mai laushi mai ƙafa biyu, wasu masu tsada uku, kowace ƙafa da baƙin ɗigon kabon a tafinta, kuma ɗaya ta fi ɗaya tsawo. In ka danna, doguwar ce ke fara taɓa fanel, gajerar ta biyo baya. Injin yana ƙirga tazarar da ke tsakaninsu, kamar mutumin da ya tsaya bakin titi yana auna gudun babur daga wannan falwaya zuwa waccan. Tazara mai tsawo, sauti a hankali. Gajeriya, sauti da ƙarfi, har zuwa 127 wanda shi ne ƙarshen ma'aunin MIDI, wato tsarin lambobin da kayan kiɗan lantarki ke aiki da shi. To in ƙura ta zauna a ƙarƙashin doguwar ƙafar, ba ta haɗuwa a kan lokaci sai an danne ta sosai, sai su biyun su taɓa kusan tare. Injin ya ɗauka dukan kawo wuƙa ka yi, ya saki iyakar muryarsa. In gajerar ce ta toshe, maɓallin sai ya yi shiru ko ya riƙa amsawa sa'ad da ya ga dama.

Gyaran wannan wanki ne kawai, kuma in kana da natsuwa za ka iya. Ka zare wuta. Ka kifa fiyanon a kan katifa. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, ka kuma jera sukurorin yadda ka ciro su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo in ya shiga ramin gajere yana huda abin da ke bayansa. In za ka ɗaga murfi ka yi a hankali, akwai faffaɗan wayoyi sirara da ke haɗe da shi. Robobin a jere suke zuwa, galibi guda ɗaya na ɗauke da maɓallai goma sha biyu. Ka zare wadda abin ya shafa, ka hure ƙurar, ka goge fanel ɗin da audugar goge kunne da ka ɗan jiƙa da sifirit mai tsabta, irin ayisofirofil da masu gyaran waya ke amfani da shi. Baƙin ɗigon kuma shafa ɗaya ta isa, kada ka kankare shi. Ka bari ya bushe. Wajen mayarwa ka lura da fuskar da take kallo, don in ka juya ta, gajerar ƙafa ta koma wurin doguwa, duk layin zai rikice. Kowane ɗan kan roba kuma ya shige raminsa daram. In bayan wanki bai daina ba, ka musanya robar da wata mai tsawo ɗaya daga inda ba ka cika bugawa ba. In ihun ya bi ta can, kabon ɗin ne ya cinye, sai sabuwa. Wasu na goga fensir a kai, yana ɗan yi na kwana biyu, ni dai ba na karɓar kuɗin mutum a kan wannan.

Maganar oganka tana da wurinta. In ka ga maɓallai sun mutu a tsari, misali kowane na takwas, ko wani yanki gaba ɗaya a jere, to layin da suke tarayya a kai ne ya yanke, kuma ko a nan faffaɗar wayar ake fara dubawa. In kuwa kowane maɓalli da kowace murya na fita da ƙaiƙayi har a hedifon, ko fiyanon na kashe kansa, a nan ne za a fara zancen fanel. Naka bai kai can ba. Bayan gyara ka sa tela ya ɗinka masa riga mai kauri, ka riƙa rufe shi duk lokacin da ka tashi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce ke koyar da mawaƙan majami'armu a Jos. Watanni biyu ke nan da muka sayi sabon fiyano. Maɓallan ƙarshen dama ba sa yin shiru in na sake su, sai su yi ta amo. In na taka feda kuma, wato abin takawa da ke riƙe sauti, ina jin wani shhh a hankali ko ban taɓa komai ba. Dattawa sun ce a mayar wa mai shago. Ha'intar mu aka yi?

Amsa: Malama, a kwantar da hankalin dattawa, kayanku lafiyarsa ƙalau. Abin da kika ji kuɗinsa kuka biya. Muryar fiyanon lantarki galibi daga babban fiyanon katako ake naɗo ta, kuma masu ƙera shi suna ƙoƙarin kwaikwayon har da halayensa. A na katako kowace igiya tana da ɗan matashin da ke danne ta ta yi shiru in an saki maɓalli, ban da igiyoyin ƙarshen dama, wajen maɓallai goma sha takwas na sama. Su gajeru ne, sautinsu na mutuwa da kansa, don haka ba a sa musu. Shhh ɗin feda kuma ƙarar ɗagewar waɗannan matasan ce daga kan igiyoyi gaba ɗaya, ita ma da gangan aka saka ta. Ki gwada canza murya zuwa ogan ko gita, za ki ga duka biyun sun ɓace. A fiyano da yawa ana iya rage su, ki duba littafinsa wurin da aka rubuta Damper Noise ko Damper Resonance. Ni dai da za ki ji tawa, ki bar su, yaran da kike koya wa za su saba da yadda na gaske yake.

Abu ɗaya da za ki kiyaye: in wata rana kika ga duka maɓallan sun ƙi yin shiru sai kin taka feda, wato aikinta ya juye, yawanci an kunna fiyanon ne ƙafar wani na kanta, ko an soka ta bayan an kunna. A kashe, a ɗage ƙafa, a sake kunnawa. In fedar wani kamfani ce aka aro, a duba ƙarƙashinta, wasu suna da ɗan makunni na juya ta. Kuma tun da garantinku bai ƙare ba, kada kowa ya kwance ko sukuru ɗaya, komai ƙanƙantar matsala a kai wa mai shago da rasit.

Tambaya: Baba, daga Maraɗi nake, ina kiɗan biki. A gida fiyanona shiru, amma a wurin taro in an haɗa da manyan sifiku a kan janareta sai ya yi ta ƙugi. Wani lokaci kuma sautuka na yankewa in kiɗa ya yi zafi.

Amsa: Ƙanena, ƙugin da ke nan ko ba ka taɓa maɓalli ba, ba na maɓalli ba ne. Na wuta ne, wadda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Nijar da Najeriya, yana shiga ta wayar da ta haɗa ka da mikisa, na'urar da ke haɗa sautuka ta tura wa sifiku. Ka zare wannan wayar ka saurara ta hedifon, in shiru ne ka tabbatar. Ka jona fiyanon da mikisa a soket ɗaya, ka canza wayar da gajera mai kyau, ka raba ta da wayoyin wuta, in da hali ka sayi ɗan akwatin da ake kira DI ka sa a tsakani. Ka duba adaftarka ma, in ba ta asali ba ce ka gwada wata mai lambobi daidai da abin da aka rubuta a bayan fiyanon.

Yankewar kuwa iyakar injin ce. Kowane fiyano yana da adadin sautukan da zai iya riƙewa lokaci guda: Yamaha PSR-E373 na riƙe 48, P-45 kuma 64. Ganga da bes na kiɗan rakiya suna ci daga ciki, murya biyu da ka ɗora kan juna suna cin ninki, feda kuma na riƙe tsofaffin sautuka. In ma'aunin ya cika sai ya yar da wasu don sababbi su samu wuri. Ka cire murya ta biyun, ka riƙa ɗaga ƙafa daga feda duk lokacin da ka canza kod, wato rukunin sautukan da kake dannawa tare, ka ji ko za ta sake yankewa.